“Ina babanki?”: Kalmar da ke bin tambaya a labarin Turanci

Ranar wata Asabar ce a lokacin dogon hutu, mu biyar muna zaune a barandar wani aji a cikin garin Birnin Gwari, ga tarin takardu a gabanmu. Dukanmu 'yan garin ne da ke karatu a jami'o'in Zariya da Kaduna. Idan muka dawo hutu mukan tara ƙannenmu 'yan ajin ƙarshe na sakandare mu yi musu bitar Turanci da Lissafi kafin jarrabawar WAEC da NECO. Aikin da muka ba su a wannan makon shi ne kowa ya rubuta labari da Turanci a kan ranar da ba zai taɓa mantawa da ita ba.

Duk wanda ya san garinmu zai iya hasashen abin da ke cikin takardun. Kaɗan ne suka rubuta bikin aure ko hawan sallah. Mafi yawansu gona suka rubuta, ko hanyar Kaduna ta Udawa da Buruku a shekarun da sai an jira rakiyar sojoji kafin a bi ta, ko daren da aka kwana ba a runtsa ba. An yi sulhu a ƙarshen 2024, an sake buɗe kasuwar Kara, motoci sun dawo hanya, amma yaran da suka girma a waɗancan shekarun har yanzu labarinsu ke nan.

Muna cikin dubawa sai ɗayanmu ya fashe da dariya, ya miƙo mana takardar wata ɗaliba, ya ɗora yatsa a kan wannan layin:

“Where is your father?” the man with the gun enquired.

Ya ce, “Wannan ɗan bindiga ne ko ma'aikacin banki?” Muka taya shi dariya, domin “enquired” kalma ce ta ladabi da natsuwa, irin ta mutumin da ya shiga ofis ya yi sallama yana neman bayani. Da muka kira yarinyar muka tambaye ta dalilin zaɓar wannan kalmar, sai ta ce an gaya musu maimaita kalma laifi ne a insha'i, ita kuma ta riga ta rubuta “asked” sau biyu a sama. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, “Yaya, ai ba ma tambaya ya yi ba. Tsawa ya daka mini.”

Nan dariyar ta yanke. Abin da ta rubuta a gonarsu ya faru, kuma kalma ɗaya tak ta mayar da mutumin da ya firgita ta wani baƙo mai kunya.

Jelar zance

Idan ka rubuta maganar wani a cikin labari, kana buƙatar 'yar gajeriyar jimla da za ta nuna wanda ya yi maganar: “he said”, “she asked”, “the driver replied”. Mu a ajinmu mun raɗa mata suna jelar zance, tunda galibi a baya take zuwa, ko da yake takan zo a gaba ko a tsakiya. Babban aikinta shi ne ta gaya wa mai karatu wa ke magana. Aiki na biyu, wanda ba kullum ake buƙatarsa ba, shi ne ta nuna yadda aka yi maganar.

Matsalar ƙannenmu ita ce sun ɗauka akwai aiki na uku, wato burge mai makin takarda. Wani yaro a wannan rukunin ya haddace jerin kalmomi daga wani littafin bita, ya zazzage su duka a shafi ɗaya. Mahaifiyarsa ta yi “interrogated”, ƙaninsa ya yi “quizzed”, mai shayi ya yi “cross-examined”. Duk a kan maganar ko an ga akuyarsu ne. Ka karanta ka ɗauka kotu aka kai akuyar.

Malaman da suka ce a guji maimaici ba su yi ƙarya ba. Idan ka rubuta “beautiful” sau shida a sakin layi ɗaya, ka gajiyar da mai karatu. Amma “said” da “asked” daban suke. Idon mai karatu kan tsallake su ba tare da ya lura ba, ya ɗauki sunan mai maganar ya wuce. Ku tuna da tatsuniya. Sau nawa kakarku ke cewa “sai Gizo ya ce”, “sai Ƙoƙi ta ce” a dare ɗaya? Kun taɓa jin kun gaji da “ya ce”? Ku ɗauko Magana Jari Ce na Abubakar Imam, maƙwabcinmu ne ma, tunda a Kagara aka haife shi a 1911, kusa da Tegina a Jihar Neja ta yau. Ku buɗe kowane shafi mai hira ku ƙirga “ya ce”. Za ku ga ko tambaya ake yi, sau da yawa da “ya ce” ɗin ake kawo ta, kuma labarin bai rasa armashi ba. Ku yi irin wannan ƙirgen a Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958, za ku tarar “said” da “asked” ne ke ɗauke da yawancin hirar.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da aka fi yi mana: shin ya halatta a sa “said” bayan tambaya? Ya halatta. Ayar tambaya ta riga ta sanar cewa tambaya ce, don haka marubutan Turanci da dama kan rubuta “she said” bayanta. Wani marubucin labaran 'yan fashi da 'yan sanda na Amurka, Elmore Leonard, ya wallafa dokokinsa goma na rubutu a jaridar New York Times a 2001, kuma ɗaya daga cikinsu ita ce kada a yi amfani da kowane aikatau wajen kawo zance in ban da “said”. Ɗaya daga cikinmu, mai karatun Turanci a jami'a, ya riƙe wannan dokar gam. Sauranmu muna ganin ta yi tsauri, musamman ga mai zana jarrabawa. A ɗakin jarrabawa shawararmu ita ce: idan tambaya ce, sa “asked”. Babu mai maki da zai ja mata jan biro.

Kowace kalma da nauyinta

Sauran kalmomin ba haramun ba ne, sai dai kowace tana ɗauke da wani kaya, kuma wajibi ne ka san kayan kafin ka ɗora wa mutum.

“Demanded” ita ce kalmar da ɗalibarmu ke nema. Tambaya ce ta mai ƙarfi a hannu, wanda ba ya jiran a ce masa a'a. Mai bindiga zai yi “demanded”, haka uban da ya kama ɗansa yana tsallako katanga da tsakar dare. Amma ɗalibi ba zai yi wa shugaban makaranta “demanded” ba, sai fa in so kake ka nuna yaron ya yi rashin kunya. Ku lura, ba a cewa “demanded for”. Cewa ake “he demanded an answer” ko “he demanded to know”. Haka ma “requested”, ba ta son “for” a bayanta, duk da yadda muke jin hakan a bakin manya.

“Enquired” ta mai ladabi ce, ko ta harkar ofis. Ma'aikaciyar jinya a asibiti, ko baƙon da ya sauka a tasha yana neman hanyar fadar Sarki, sun dace da ita. Turawan Ingila sun fi rubuta ta da “e” a farko, Amurkawa da “i”. Tunda makarantunmu tsarin Ingila suke bi, ku riƙe ta “e”. Idan za ka ambaci wanda aka tambaya, ba a cewa “he enquired me”. Sai dai “he enquired of me”, wanda shi ma ya yi kama da rubutun da. Ka ga ashe “he asked me” ta fi sauƙi.

“Questioned” da “interrogated” na nufin an titsiye mutum da tambayoyi a jere, irin na jami'in tsaro da wanda ake zargi. Sun fi zama daidai idan kana ba da labarin abin da ya faru a dunƙule, kamar “The soldiers questioned the driver for an hour.” Idan ka maƙala su a bayan tambaya ɗaya, sai su yi wani banbaraƙwai.

“Queried” kuwa ta shiga wani hali a ƙasar nan. A wurin ma'aikatan gwamnati “query” takardar tuhuma ce da ake ba wanda ya yi laifi. A Turancin littafi, kalmar na nuna mai tambayar yana shakkar abin da aka faɗa. Idan ba shakka kake son nunawa ba, bar ta.

Sai “wondered”, wadda ta fi kowace yaudarar ɗalibai. Ita tambaya ce da mutum ke yi wa kansa a zuci. Wani yaro ya rubuta cewa direba ya yi “wondered” ko kowa ya biya kuɗin mota, sai fasinjoji suka amsa masa. Ta yaya suka ji? In kana son a ji, sai ka ce “wondered aloud”. Amma idan yarinya na kwance a ɗaki tana jin ƙarar babura daga nesa, tana tunanin ko za su iso unguwarsu, to nan “wondered” ta samu gurbinta.

Akwai kuma masu nuna ƙarfin murya, irin su “whispered” da “shouted”, da masu nuna roƙo, irin su “begged” da “pleaded”. Waɗannan suna da amfani domin suna faɗin abin da kalmomin tambayar kaɗai ba za su faɗa ba. “Are they gone?” a cikin raɗa daban take da “Are they gone?” da ƙarfi. A labarin da ya shafi ɓuya a cikin daji, raɗa da ihu na iya zama bambancin tsira da halaka, don haka ya kamata mai karatu ya sani.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne jelar da ba magana ba ce sam. Ba a murmusa tambaya, ba a gyaɗa ta da kai. Wanda ya rubuta “Are you hungry?” ya bi ta da “she smiled” da ƙaramin baƙi, ya ce ke nan da murmushi aka furta kalmomin. Gyaran mai sauƙi ne, a mayar da murmushin jimla mai zaman kanta:

She smiled. “Are you hungry?”

Wannan dabarar ma ta fi jelar kanta amfani a wurare da yawa, domin ta nuna mai maganar, ta kuma nuna abin da take yi.

Inda maki ke zubewa

Yanzu bari mu zo ga lissafi, don mun san shi ne ya fi damun 'yan ajin ƙarshe. Insha'in Turanci na WAEC maki 50 ne, kuma ana so ka rubuta kalmomi kamar 450. Abin da ka faɗa yana da maki 10, tsarin da ka bi 10, iya sarrafa harshe 20, sai ingancin nahawu da rubutun kalmomi da alamomin rubutu 10. A wannan kashin na ƙarshe, kowane kuskure rabin maki yake ci. Kuskure 20 ya cinye goman kaf. Labari mai hira kuwa shi ne ya fi kowane irin insha'i yawan alamomi, kuma wanda bai iya rubuta layin tambaya ɗaya daidai ba, kuskuren nan zai yi ta maimaitawa a duk layin da ya biyo baya. Kada a manta, in babu kiredit a Turanci, babu maganar jami'a.

Ga yadda ake rubuta shi:

“Where are you going?” he asked.

Abu uku za ku duba. Ayar tambaya tana cikin alamar zance, ba a waje ba, domin maganar mutumin ce tambaya, ba jimlarka ba. Babu waƙafi bayan ayar tambayar, ta wadatar ita kaɗai. Sannan “he” da ƙaramin baƙi take farawa. Wannan na ukun shi ne ya fi kayar da ɗalibai, saboda tun firamare an koya mana cewa bayan ayar tambaya sai babban baƙi. A nan jimlar ba ta ƙare ba tukuna, jelar wani ɓangare ne nata. Sai fa idan sunan mutum ne ya biyo baya, shi kam da babban baƙinsa yake yawo ko'ina.

Idan jelar ta zo a gaba, waƙafi ne ke raba su, maganar kuma ta fara da babban baƙi:

He asked, “Where are you going?”

Za ka iya cewa “the driver asked” ko “asked the driver”, duka daidai ne. Amma da wakilin suna “he asked” ake cewa. “Asked he” ta tsufa. Kuma duk lokacin da baki ya canza, a sauka sabon layi. Idan mutum biyu ne kawai ke magana, bayan layi biyu na farko kana iya sakin jelar gaba ɗaya, mai karatu zai gane wa ke da wane layi.

Sai kuma tambayar da kake ba da labarinta ba tare da ka kawo ainihin kalmomin mai ita ba. A nan muka fi ganin ɓarna, kuma a nan ne Hausa za ta taimake ku idan kuka saurare ta. Soja a shingen hanya ya ce, “Ina za ku?” Idan ka isa gida kana ba da labari, cewa za ka yi, “Ya tambaye mu inda za mu.” Kun ga “ina” ta koma “inda”, muryar tambaya kuma ta ɓace. Haka “yaya” ke komawa “yadda”, “wa” ta koma “wanda”, “me” ta koma “abin da”, “yaushe” ta koma “lokacin da”. Babu Bahaushen da aka zaunar aka koya wa wannan, amma ba ya kuskure a kai.

Turanci ma yana yin irin wannan sauyin, sai dai shi ba ya canza kalmar tambayar, jerin kalmomin yake gyarawa su koma na jimlar bayani, lokacin aikatau kuma ya ja baya:

He asked us where we were going.

Ba “where were we going” ba, kuma babu ayar tambaya a ƙarshe, aya ce kawai. Idan tambayar ta e ko a'a ce, inda Hausa ke sa “ko”, Turanci na sa “if” ko “whether”. “Ta tambaye ni ko na ci abinci” ta zama “She asked me if I had eaten.” Abin da ba a yi shi ne “He asked me that where are you going.” Wannan “that” ɗin fassarar “cewa” ce da muka jawo daga Hausa, kuma ba ta da wurin zama a nan. Haka “told”, ba ta ɗaukar tambaya kai tsaye, ita ta sanarwa ce da umarni. Wanda ya rubuta “He told me, where is your ticket?” ya yi kuskure ko da alamominsa sun cika.

Wani zai ce, to idan “asked” za mu yi ta sawa, ina za mu samu makin sarrafa harshe? Mun yi wannan gardamar a tsakaninmu har aka kira sallar la'asar. Inda muka tsaya shi ne, makin nan 20 na kalmar da ta dace ne, ba na kalmar da ta fi tsawo ba. A labari mai kalmomi 450, jela mai nauyi ɗaya ko biyu sun isa, a ajiye su don wurin da labarin ya ɗauki zafi. Idan kowa a labarin yana “demanded”, lokacin da mai bindiga zai iso ba ka da sauran kalmar da za ka ba shi.

Ɗalibar tamu ta karɓi takardarta ta koma gida. Ranar Asabar ta gaba ta dawo da wannan:

The man did not greet us. He pointed his gun at the hut.

“Where is your father?” he demanded.

“He has gone to the market,” I whispered.

“Which market?”

My mother pulled me behind her. “What do you want with him?” she asked.

Mun daɗe a kan layin ƙarshe. Mai karatun Turancin nan namu ya ce ai uwa a irin wannan halin “pleaded” ko “cried” za ta yi, ya kamata a canza. Yarinyar ta girgiza kai. Ta ce innarta ba ta yi kuka ba, ba ta yi roƙo ba, tambayarsa ta yi kamar yadda za ta tambayi mai tallan manja, kuma wannan natsuwar ce ta sa mutumin ya yarda cewa babu kowa a bukkar. Babanta kuwa yana kwance a cikin masara, taku kaɗan daga inda suke tsaye. Muka bar mata “asked” ɗinta.

Ga aikin da muka ba sauran 'yan ajin, ku ma ku gwada kafin fitowa ta gaba. Ku ɗauki tambaya ɗaya, “Who sent you?”, ku sa ta a bakin mutum huɗu: kakarku, mai gadin makaranta, soja a shingen hanya, da ƙawa ko abokin da kuke ɓuya tare. Ku rubuta kowace da jelar da ta dace, ɗaya daga ciki kuma ku kawo ta ba jela, da jimlar aiki kawai a gabanta. Sannan ku mayar da duka huɗun zuwa tambayar da ake ba da labarinta, ku kai wa malamin Turancinku ya duba muku alamomin.